Kwanar Hawa na Uku

Da hantsi likita ya ja Goggo Mui gefe daga gadon mijinta ya ce, "Goggo, ku kai shi gida." Ba ta tambaye shi abin da yake nufi ba. Duk wanda ya tsufa a Hanoi ya san wannan magana.

A wurinmu mutum in ya cika a waje, ko a asibiti ko a bakin titi, ba a shigar da gawarsa ɗaki. Daga can ake wucewa da shi gidan jana'iza, kurwarsa kuma ta yi ta gararamba, ta kasa gane hanyar teburin kakanni inda za a riƙa ajiye mata shinkafa da turaren tsinke. Yaran yanzu suna cewa camfi ne. To, su ai ba su zo mutuwa ba tukuna. Shi dai Tuat, mijin Mui, tun kafin harshensa ya karye ya riƙe hannunta ya ce, "Tsohuwa, kada ki bari in mutu a hanya." Ta ce masa ta ji.

Gidan kuwa yana hawa na biyar a gini na bakwai, cikin jerin benayen nan na gwamnati da aka yi tun zamanin katin rabon abinci. Ba da bulo aka gina su ba. Bango-bango aka zuba da kankare a wata masana'anta, aka jawo a manyan motoci, injin ɗaga kaya ya jera su kamar ana haɗa akwati. Ranar da masaƙar da suke aiki ta ba su ɗaki, Mui har kuka ta yi don murna, Tuat ya yi ta dukan bango da tafin hannu yana cewa wannan ko bam sai ya yi da gaske. Bam bai zo ba, ruwa ne ya zo. Duk damina sai ya bi mahaɗar bangayen ya sauko musu a kan gado. Ƙusa ba ta shiga bangon, amma tarin maƙwabci yana ratsa shi. Lif kuwa, na'urar hawa bene, babu shi, don wanda ya zana ginin bai taɓa kawowa a ransa ma'aikaci zai tsufa ba. An ce za a rushe a ba su sabo. Tun ɗansu Khiem yana saurayi ake faɗin haka, ga shi yanzu furfura ta fara fito masa.

Motar asibiti ba ta iya shiga tsakar unguwar ba, saboda masu sayar da miyar taliya sun cinye fili da kujerunsu. A bakin titi aka sauke Tuat a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Khiem ya kama wajen kai, direban motar ya kama wajen ƙafa, Mui tana gefe da wata jakar roba mai kama da matashi a hammatarta. Iskar numfashi ce a ciki, da siririyar roba zuwa hancin tsohon. An ce ta riƙa matsa ta a hankali.

Direban ya ce, "Ku ji ni da kyau. Ƙirjinsa cike yake da ruwa. Kada a goya shi, kada a naɗe shi, kada a miƙar da gadon tsaye. In aka yi haka, a nan take zai cika."

Suka ture baburan da aka cusa a bakin matakala, suka hau. Hawa na biyu ya wuce lafiya. Mui tana ta yi wa tsohon magana, "Ka ji warin hayaƙin gawayin nan? Mun zo fa. Ka daure." Maƙogwaronsa yana motsi sama da ƙasa, ita kuma shi kawai take kallo.

A kwanar hawa na uku gadon ya ƙi juyawa.

A nan Vuong yake, ɗan marigayi abokin aikin Tuat. Shekarun baya ya tashi wata rana ya kira mai walda, ya zagaye rabin filin kwanar da rodi, ya mayar da shi nasa. Ya kafa kabad ɗin takalma da noti a cikin kankaren, ya ajiye injin wanki, har da shimfiɗa tayil mai furanni. Abin da ya bar wa jama'ar hawa na huɗu da na biyar wani ɗan tsukuku ne, wanda mai ɗauke da kwando sai ya karkace yake wucewa. Mui ta kai ƙara taron mazauna gini har ta gaji. Kowa ya ce haka ne, ba a kyauta ba, kowa kuma ya koma ya yi shiru, don kowa yana da inda ya ci.

Khiem ya buga rodin da ƙafa. "Yaya Vuong! Yaya Vuong!"

Vuong ya fito da singileti, da tsinken sakace a baki. Da ya ga gadon sai ya cire tsinken. "Assha, Kawu ne? Jikin ne haka?"

Mui ta ce, "Cire wannan ƙarfen."

"Goggo, ku ɗan ɗaga shi sama mana, ku karkata. Firij ma ta nan aka wuce da shi."

"Firij yana numfashi ne? Na ce ka cire!"

Suka gwada duk da haka. Suka ja baya, suka matsa, ƙarfen gadon ya daki rodi, jikin tsohon ya girgiza. Direban ya ce kai, a sauke, a sauke. Aka ajiye gadon, rabi a kan matakala, rabi a kan tayil ɗin Vuong, Khiem ya tokare shi da gwiwa don kada ya zame. Mutane suka fara leƙowa daga sama da ƙasa.

Vuong ya zaro waya. "Bari in kira mai walda. Yana nan bayan kasuwa, yanzu zai zo ya yanke shi a tsanake. In aka ce da guduma za a yi, tayil ɗin nan duk sai ya farfashe, kuma ba a samun irinsa yanzu."

Tayil! Jama'a, tayil yake lissafi. Mui ta matso gabansa.

"Kai Vuong, dube ni nan. Ni ce na goya ka lokacin da uwarka take kwana a masaƙa. Kunun shinkafar ɗana na raba biyu na ɗura maka, da majinarka da komai. Aladen da ubanka ya yi kiwonsa a banɗakinku, wa ya sauko da shi ranar jajiberin sabuwar shekara? Wannan da ke kwance ne! A kan ƙyaure suka ɗora shi, ta nan kwanar suka bi, bai gogi bango ba. Yau mijina bai kai aladen ubanka ba?"

Wata mata daga sama ta ce, "Faɗa masa, Goggo!"

Fuskar Vuong ta yi ja. "Haba Goggo, kada ki tara min jama'a. Wa bai ƙara ba a ginin nan? Kejin da ke barandarki fa, wanda ya tokare mana rana, gwamnati ce ta yi miki? Mu shida ne a ɗakin da aka yi wa mutum biyu. A kaina zan ɗora takalman?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ƙara ƙona mata rai. Ita ma tana da kejinta, irin wanda muke kira kejin damisa, rodi da kwano da aka maƙala a bayan baranda don Khiem ya samu wurin kwana lokacin da ya yi aure. Ginin gaba ɗaya ya kumbura da su ta kowane gefe. Amma nata a sararin sama yake rataye, bai tare wa kowa hanya ba.

"Kejina tsuntsu ya hana wucewa, naka mutum ya hana. Kawo guduma!"

Vuong ya kara wayar a kunne. "Ga shi nan yana ɗagawa... Alo? Kana ina? A'a, yanzu, yanzu nake so... To gama ka zo."

Ta juya ga mijinta don ta ce masa ya ƙara haƙuri. Maƙogwaron ya hau sama. Ta jira ya sauko. Ta jira. Ta matsa jakar da ƙarfi har robar ta yi ƙara, amma maƙogwaron bai sauko ba. Idanunsa a buɗe kaɗan, suna kallon wani tsohon tabon ruwa a silin. Ƙafafunsa suna kan matakalar jama'a, kansa yana kan furannin tayil ɗin Vuong, kusa da silifas ɗin yara.

Khiem ya gani. Direban ma ya gani, ya kau da kai. Irin wannan abu ba ya ɓuya, duk wanda ke matakalar daga sama har ƙasa ya gane.

Mui ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa tsohon bargo har haɓa, ta ci gaba da matsa jakar. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji, ta ce, "Sannu tsoho. Ka daure, saura kaɗan. Yanzu ɗanka Vuong zai buɗe mana hanya."

Khiem ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Inna... bari in goya shi kawai. Yanzu ai ba komai."

"Ka goya wa? Ba ka ji abin da aka ce ba? In aka goya shi zai mutu." Ta ɗaga kai ta bi fuskokin da ke leƙowa ɗaya bayan ɗaya. "Mijina da ransa. Ko akwai wanda ya ga wani abu daban? Ya faɗa in ji."

Ta tsayar da idonta a kan Vuong.

"Kai fa? Kai ne kusa da shi. A kan tayil ɗinka yake. Da ransa ko babu?"

Vuong ya dubi fuskar tsohon, ya dubi tayil ɗinsa, ya dubi ƙofar ɗakinsa inda nasa teburin kakannin yake, da hoton ubansa a kai. Wayar tana hannunsa, mai walda yana ta magana shi kaɗai.

"Da... da ransa, Goggo."

"To me kake jira?"

Ya shiga ciki ya fito da guduma. Wani daga hawa na huɗu ya miƙo ƙarfen ɓanɓare taya. Vuong da hannunsa ya fara dukan gindin rodin, tayil yana tarwatsewa, ƙara tana bin bangayen kankaren har can sama, don a ginin nan in ka daki kusurwa ɗaya duk sauran sai sun amsa. Aka tumɓuke kabad ɗin da notinsa, takalma suka gangara ƙasa. Aka ja injin wankin ciki, ruwan kumfa ya malale. Aikin da ya ce sai mai walda bai ɗauki lokacin tafasa ruwan shayi ba. Wannan ne Mui ba za ta taɓa yafewa ba.

Gadon ya juya, bai gogi komai ba. Vuong ya sa hannu zai kama gefe, ta ce, "Cire hannunka." Suka hau da shi a kwance yadda direba ya ce, a hankali, tana biye tana matsa jakar da babu sauran iska a cikinta, tana gaya masa ga hawa na huɗu, ga tukwanen albasarta, ga ƙofarsu.

Sai da aka kwantar da shi a gadonsa, ƙarƙashin mahaɗar bangon da ke yoyo, ta zare robar daga hancinsa, ta shafe idanunsa. Sannan ta buɗe baki ta yi kukan da aka ji har wurin masu miyar taliya. Khiem ya fita ya shaida wa jama'a cewa babansa ya cika a ɗakinsa, kowa ya ce tsohon ya yi sa'a, ya iso gida.

Da rana ta karkata Vuong ya hawo, ya sa riga mai hannu, da daurin turare zai yi gaisuwa. Mui ta tare shi a bakin ƙofa da farin ƙyallen makoki a goshinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Dangi za su zo daga ƙauye, zan ce musu a gadonsa ya cika. Haka za a faɗa, haka kai ma za ka faɗa har ka mutu. Amma ni da kai mun san inda ya tsaya." Ta zare tsinke uku daga daurin da ke hannunsa. "Shi bai san ya iso ba. A can zai yi ta jira a buɗe masa."

Ta ratsa ta gefensa ta sauka, tana dafa bango. A kwanar hawa na uku ta durƙusa cikin fasassun tayil, ta kunna turaren, ta soke shi a ramin notin kabad ɗin, daidai bakin ƙofar Vuong. Matarsa tana tsaye da tsintsiya a hannu.

Mui ta ce, "Kada ki share. Badi ma a nan zan kunna, da shekarar da ke bin ta. Ku riƙa tsallaka shi a hankali, tsoho ne."