Ni Aka Ba Bel

Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado, Yaya Orville ya ɗauki injin tururi, ƙanena Arlen ya ɗauki injin casar alkama. Ni Verna, da yake mace ce, aka miƙo min dogon bel ɗin da ke haɗa su, wai in shimfiɗa a ɗakin kaji. To, na gode.

A wajen rabon nan suka ɓata, don kowa na ganin shi ya kamata ya haɗa biyun. Tun suna da baƙin gashi har furfura ta rufe su, ko gaisuwa babu. Duk kaka in an yi bikin tsofaffin injinan gona a garinmu da ke jihar Dakota, sai Orville ya kafa nasa a gabas yana ta hayaƙin banza, Arlen ya kafa nasa a yamma, ɓeraye na haihuwa a ciki. Na mutane suna aiki, namu sai dai a ɗauki hoto. Ni kuwa ina rumfar coci ina zuba kofi, kunya kamar in nutse.

Bana gonar Baba za ta bar hannunmu, don ni ke kula da ita, gwiwoyina kuma sun gaza. Na sa aka yanke alkamar ƙarshe aka ɗaure dami-dami irin na da, na rantse injin Baba ne zai cashe ta, in ba haka ba ta ruɓe.

Ran biki aka jibge dammunan a tsakar fili, na warware bel ɗina a ƙasa, na nufi Orville.

"Yaya, turo tukunyar hayaƙin nan taka."

"Ba na magana da wancan."

"Wa ya roƙe ka magana? Dubi tsawon bel ɗin. In inji ya tashi, ko ihu ka yi ba mai ji."

Shi kuwa Arlen cewa ya yi, "Haba Yaya, mutumin da ko amalanke bai iya ja da baya ba?"

"To zo jama'a su shaida bai iya ba."

Abin da ya kawo shi ke nan, ɗan nema.

Sai dai akwai abin da duk mun sani ba wanda ya faɗa: bel ba ya zama sai wilin injin nan ya daidaita da na wancan, kuma mai tuƙa injin tururi dole ya bi alamar hannun wanda ke tsaye a kan injin casa. Orville ya ƙi. Ya kafe ido a sama ya ja da baya da ka. Ana tayarwa bel ya yi tsalle ya faɗi tim! Jama'a suka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ɗaga murya, "Kai, Halvor bai bar magaji ba!"

Sunan Baba ke nan. Kunnen Orville ya yi ja wur. Ya ja numfashi, ya ɗago kai, ya dubi ƙanensa.

Arlen ya ɗaga hannu. Dama. Ƙara. Kaɗan. Tsaya. Wallahi har karkata wuyan hannun irin na Baba ne sak. Bel ya miƙe ya ɗame. Injin casa ya yi gurnani, ya tofar da ƙura da sheƙar ɓeraye, sannan ya kama kiɗinsa. Maza suka shiga jefa dami, zangarniya a gaba. Ƙaiƙayi ya tashi sama, alkama ta ɓarke ta bututu. Na tara gaban rigata, ta zubo da ɗuminta. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba, kukan daɗi ne.

Da dami na ƙarshe ya shige, Orville ya ja igiyar jiniya, doguwar busa ɗaya, yadda Baba ke kiran ma'aikata cin abinci. Arlen ya sauko, ya bi gefen bel ɗin a ƙafa har ƙarshensa.

"Har yanzu kana cin hagu, Yaya."

"Hannunka ne ke rawa, tsoho."

A benci ɗaya suka zauna a rumfata, na cika musu faranti da nama da dankali. Orville ya goge baki ya ce, "Verna, baɗi ki fito da bel ɗin da wuri."

Na ce, "Bel nawa ne, gadona ne. Mai so ya zo gidana ya roƙa. Kuma mutum ɗaya ba na buɗe masa ƙofa."