Ƙululun Malam Jumare

A 1976 Likita Mika'ilu yana koya wa ɗaliban likitanci sassan jikin mutum. Akwai darasin da yake ji da shi: naman da ke haɗa yawu a ƙarƙashin muƙamuƙi, da jijiyar jinin da ke manne da shi kafin ta haura fuska. Yakan ce duk wanda zai sa wuƙa a wurin ba da sani ba, ya fara tanadin likkafani. Ɗalibai su yi dariya, su rubuta.

Sai ƙululu ya fito wa mahaifinsa, Malam Jumare na Kusfa, daidai wurin.

Mika'ilu ɗan fari ne. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa haɗa ido da shi ba. Don haka ya kai darasin wurin ƙanwar uban.

"Goggo Mero, ki gaya masa kada aska ta taɓa wurin. Akwai jijiya. Asibiti za a je."

"To, bokan Turai. Kai bakinka ciwo yake yi?"

"Kin san yadda muke."

Goggo Mero ta isar da abin da ta ga ya dace da kunnen yayanta: yaron nan yana gaisuwa, ya ce a bi a hankali.

Ranar Juma'a da hantsi Mika'ilu ya shigo zaure ya tarar da Lado, wanzamin gidan, wanda ya yi masa kaciya, yana wasa aska, Malam na zaune a gabansa. Ya durƙusa ya gaishe su. Ya dubi askar, ya dubi ƙululun. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambayar Lado lafiyar iyali.

Lado ya sa aska a ƙululun. Jinin ba tsiyaya ya yi ba, tsartuwa ya yi har bango.

Mika'ilu ya danne jijiyar da babban yatsa, ya matse ta a jikin ƙashin muƙamuƙi, bai saki ba har asibiti. Ranar ya fara taɓa fuskar ubansa.

Malam ya rayu, amma askar ta haɗa da wata jijiyar. Leɓensa na ƙasa ya karkace, in yana karatu yawu na zubo masa a gemu. Unguwa ta yi ta sa wa Mika'ilu albarka, ɗan da ya ceci ubansa. Malam kuwa ya dubi Goggo Mero, Mika'ilu na durƙushe a gabansa, ya ce, "Ki ce wa wancan na gode."

Mika'ilu ya ci gaba da koyar da darasin. Zancen likkafanin ne dai ya daina.