Wadda Torvald Ke Jira

Torvald ya buga turke na ƙarshe da dutse, ya ja igiyar tantin ya ji ta ɗaure tamau, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Matarsa Gunnel tana zaune a kan falalen dutse tana kallonsa. Mutumin da a gida ɗaure igiyar takalmi ke gagararsa, ga shi ya kafa tanti cikin minti goma, ko karkacewa bai yi ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan suna zuwa wannan tsibiri duk watan Yuli.

'Yarsu Ylva ta so ta hana tafiyar. Ranar Litinin za a kai shi gidan kula da tsofaffi, har an ware masa ɗaki. Ta ce me za a je nema a bakin teku da mutumin da mantuwa ta ci ƙarfinsa? Gunnel ta ce kwana biyu kawai take roƙo a bar mata.

Ta zuba masa kofi daga filas, ta miƙa masa burodi mai kirfa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

"Ke ma hutu kika zo, baiwar Allah?"

Ya sha manta hanyar gida, ya manta sunayen jikokinsa, amma ita bai taɓa manta ta ba sai yau. Sai da ta rufe filas ɗin, ta ajiye shi a inda ba zai gangara ba, sannan ta ce e, hutu ta zo.

Nan ya saki jiki ya shiga ba ta labari. Matarsa na nan tafe a jirgin ruwa na ƙarfe huɗu, aikin asibiti ne ya riƙe ta. Ba ta san sanyin ruwa ba, da sassafe take faɗawa teku, ta fito tana yi masa dariya wai matsoraci. Kuma gishirinta ya cika yawa a dankali.

"Ga faɗa kamar kaza mai 'ya'ya," ya ce yana rage murya. "Amma kada ki ce ni na faɗa."

Uku da rabi ya ce su tafi tasha. A hanya ya tsinko furanni daga tsagin duwatsu, ya gyara gashinsa da yatsu.

Da jirgin ya tsaya, mutane suka yi cincirindo da kekuna da jakunkuna. Gunnel ta zaunar da shi a benci, ta sulale cikin taron, ta roƙi matar da ke duba tikiti ta bar ta ta shiga ta fito. Matar ta dube ta, ta dubi tsohon da ke riƙe da furanni, ta matsa gefe.

A ciki Gunnel ta cire hula, ta kwance gashinta ya zubo kafaɗa kamar yadda take barinsa a da. Ta jira kowa ya sauka, sannan ta fito tana ɗaga masa hannu.

Ya miƙe tsaye. Ya dube ta, sai ya leƙa ta bayan kafaɗarta.

"Torvald, ni ce," ta ce.

"Ai na gane ki, mai kofi." Idonsa na kan ƙofar jirgin har aka ja ta aka rufe. "Ba ta zo ba. Ba ta taɓa yi mini haka ba."

Jirgin ya ja baya, ya juya ya nufi gari. Torvald ya koma ya zauna, furannin a cinyarsa, ya tambaye ta ko akwai wani jirgin yau. Ta ce akwai na ƙarfe shida.

"Ban so in ɓata miki hutu ba," ya ce. "Amma za ki taya ni jira?"

Gunnel ta tufke gashinta, ta mayar da hularta, ta zauna kusa da shi.

"Zan taya ka," ta ce.