Teburin da Ya Fi Baba Tafiya

A unguwarsu Shuyi a birnin Chengdu na ƙasar Sin ba a cewa mutum ya yi ƙiba. Cewa ake ya yi "fafu", wato arziki ya sauka masa a jiki. To, arziki ya yi ta sauka wa mahaifinta Kuang Dehou har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Likita ya ce ba zai yi masa aiki ba sai ya zubar da kilo goma, in ba haka ba ya fara neman keken guragu.

Shuyi malamar motsa jiki ce a firamare, inda take wuni tana fama da 'yan shekara tara da ke haki in sun sunkuya ɗaure takalmi, kakanninsu na bakin ƙofa riƙe da soyayyar kaza. Ba ta da sauran haƙuri. Ta sa wa uban manhajar ƙirga taku a waya. Kullum taku dubu goma sha biyu, abin sha'awa. Bayan wata guda ta ɗora shi a sikeli, ya ƙaru da kilo biyu.

Ranar Asabar da hantsi ta bi sawunsa. Sawun bai wuce shagon shayin ƙasan bene ba. Can ta same shi da abokansa uku a teburin majan, wasan ƙwayoyi na Sinawa da yanzu ko gauraya ƙwayoyinsa ba sa yi da hannu. Tebur ne ke haɗiye su, ya yi ta karkarwa, ya fito da su a jere. Wayoyi huɗu na kwance a gefe suna karkarwa tare da shi, manhaja na ƙirga karkarwar a matsayin taku.

"Baba! Ashe tebur ne ke yi maka tafiyar?"

"Ke dai rage murya. Ai da izinina yake yi."

Kawu Peng, mai tumbi kamar tulu, ya tofar da ɓawon 'ya'yan kabewa. "'Yata, mu da muka ga yunwa da idonmu, za ki hana mu fafu?"

"Kawu, yaushe rabonka da ganin yatsun ƙafarka?"

"Suna nan lafiya. Matata na ba ni labarinsu."

Shuyi ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke ƙwaya ɗaya ta jefa a aljihu. Tebur ya haɗiye sauran, ya yi gurnani, ya ƙi fito da komai. Ƙwaya ɗaya in ta ɓace, wasa ya mutu.

"Mai son ƙwayar ya same ni a tsallaken gada," in ji Shuyi, ta fice.

Dehou ya zage ta, ya zagi likita, ya zagi wanda ya ƙirƙiro waya. Abokan suka zuba masa ido, don 'yarsa ce. Ya ɗauki wayarsa, ya dafa sanda ya miƙe.

Ya iso yana gumi, Goggo Liao mai shagon na biye da shi da ƙunshin soyayyen burodi, wai kada arzikin ya zube a hanya.

"Taku nawa?" ya tambaya yana haki.

Shuyi ta duba wayarsa. "Ɗari takwas."

"Ƙarya! Tebur a zagaye biyu yake yin wannan."

Ta damƙa masa ƙwayar, ta karɓe burodin. "Komawa ma ɗari takwas ne, Baba. Gobe kuma gada ta biyu."