Tsarabar Kano a Kurfi

Maigidana ba mugu ba ne, Allah ya sani. Shawara ce ta yi mashi yawa. In ka aje mashi fura da kunu ka ce ya zaɓa, sai kunun ya huce furar ta yi tsami yana nan yana tunani.

Shekarun da jirgin ƙasan Nasara ya fara zuwa Kano, mazan Kurfi ba su da zance sai na cin rani. Ana gama girbi sai kowa ya naɗe tabarma ya tafi neman aiki. Uwata Inno, mai saƙar faifai, tun farko ba ta so aurena da shi ba. "Barira," takan ce, "mijin nan naki baki ne kawai. Ko nan Barkiya kusa da mu aka aike shi sai ya tsaya shawara." Maganar nan tana ci mani rai. Burina ɗaya, ranar da Inno za ta ambaci mijina ba tare da ta taɓe baki ba. Na yi ta zuga shi har ya ce to, Kano za shi.

Ya bi gida gida ya yi sallama kamar yadda aka saba. Liman ya yi mashi addu'a, maƙwabta suka haɗa guzuri, Inno ma ta aiko da dakuwa. A wurinmu kuwa wanda ya karɓi guzuri ya tafi ke nan, ba ya dawowa sai da tsaraba. Ni kuma na shiga cika baki a bakin rijiya, musamman gaban maƙwabciyata Hawwa'u, wadda mijinta bai je ko'ina ba.

Abin da ya faru a hanya, sai daga baya ya faɗa mani, kansa a ƙasa. Ya sauka zangon Dutsin-Ma don ya huta, ya tarar da fatake, sai ya fara tambaya. Wanda ya fito daga Kano ya ce aiki kam ga shi nan kamar ƙasa, dakon buhunan gyaɗa zuwa tasha, amma a zaure ake kwana kan wani bisa ƙafar wani, ruwan sha ma saya ake yi. Wani ya ce haba, wa ke zuwa Kano yanzu? Haƙar kuza a Jos ta fi tsoka. Na kusa da shi ya yi dariya ya ce ya tambayi waɗanda suka dawo da tari, ga sanyi, ga babu gero sai acca. Aka ce Zariya akwai ruwa da itace, abinci da araha, sai dai ana kama baƙi aikin hanya. Birnin Katsina kuwa sai mai dangi a ciki.

Kullum da safe sai ya ɗaure kaya ya ce yau kam ya yanke. Kafin ya saɓa sanda wani ayarin ya iso da labari dabam, sai ya kwance. A haka guzurin mutane ya ƙare a cikinsa. Gaba ta gagara, gida kuma ba fuska. Sai ya lallaɓa Dabawa, nan kusa da Dutsin-Ma, wani manomi ya ɗauke shi yana yi mashi sussuka da yaɓen rumbu. Duk ranar kasuwa ɓuya yake yi, kada ɗan Kurfi ya gan shi. Tafiyar yini ɗaya tsakanina da shi, ina nan ina ba matan gari labarin Kano!

Da hadari ya fara haɗuwa ya rufe fuska da rawani ya shiga kasuwar Dutsin-Ma neman tsaraba. Wani ɗan koli ya nuna mashi faifai mai kyau, ya rantse aikin Kano ne, daga can ya ɗauko shi. Bawan Allah ya saya don surukarsa. To, suruki ai ba ya shiga ɗakin uwar matarsa. Daga bayan zana yake tsugunawa ya gaishe ta, ido a ƙasa. Bai taɓa riƙe aikin hannunta ya duba ba.

Ranar da ya dawo, da bakina na kira matan unguwa gidan Inno su zo ganin tsaraba. Shi ya tsaya waje, ni na shiga da ƙunshin, ina tafe ina rangwaɗa. Ina kwancewa sai ga faifan. Jan zobe a tsakiya, baƙin layi biyu a baki, da ɗan ƙullin nan da Inno ke rufe aikinta da shi ta baya. Ni da na tashi ina jiƙa mata kaba, yaya za a yi in kasa gane shi? Ɗan kolin Dutsin-Ma ne ke zuwa yana sayen su a hannunta. Wayyo, na so ƙasa ta tsage in shige.

Inno ta karɓa, ta juya bayansa, ta shafa ƙullin da yatsa. Hawwa'u ta leƙo ta ce, "Af! Gwaggo, wannan ai kamar..."

"Kamar me?" Inno ta katse ta, ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan zana. "Ma sha Allah, aikin Kano dabam ne. A ce mashi na gode, Allah ya yi albarka." Ta ɗora shi bisa ƙwaryar furarta.

Wallahi da zagi ta yi da ya fi mani sauƙi. Matan suka watse suna haɗa ido. Na tsaya ina jiran taɓe bakin da na saba, hawaye na zuba.

Inno ba ta dube ni ba. Ta ɗebo ruwa ta miƙo mani ta ce, "Kai mashi. Kuma kada ki kuskura ki gaya mashi na gane. Gobe zai zo gaishe ni, ina so ya iya zuwa."

Na fito da ruwan, na same shi a ƙofar gida maza sun kewaye shi, yana kwatanta masu tsawon jirgin ƙasa da hannu. Na aje ƙwaryar a gabansa, ban iya ɗaga ido ba.