Ruwan Gidan Baba Julius

Shekara tara Sanda yana tura kurar ruwa a unguwar Maitumbi, cikin garin Minna. Jarka goma kurar take ɗauka. Ya san gidan da ake sayen ruwa kullum, ya san gidan da ba a kiransa sai ranar wanki. A duk gidajen nan babu inda yake son tsayawa kamar ƙofar Baba Julius, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya gina ɗaki uku a ƙarshen layi bayan ya yi ritaya. Kullum da hantsi tsohon yana kan benci a gindin mangwaro. Da ya ji ƙarar tayar kura sai ya ɗaga yatsu ya ce, "Sanda, biyu." Idan an juye ruwan a duro, sai ya matsa masa wuri ya ce ya zauna ya sha iska, ya kama ba shi labarin zamanin da jirgi ke tashi daga Minna a kan lokaci.

A bazarar bara famfo ya ɗauke kusan mako uku. Layi ya yi tsawo a rijiyar burtsatsen da masu kura suke ɗiba, har mutum ya wuni bai cika kura sau biyu ba. Wani abokin sana'a ya nuna wa Sanda wata rijiya a bayan gidan hayar Alhaji Munzali. Babu layi, ruwan kuma garau a ido. Ranar farko da ya jawo guga sai ya ji wani ɗan wari. Ya ɗaga kai ya ga ramin masai na gidan, taku biyar ko shida daga bakin rijiyar, murfinsa a tsage. Ya ɗan tsaya da gugan a hannu. Sai ya tuna gidajen da ke jiransa tun safe, ya juye a jarka. Kwana goma sha ɗaya yana ɗiba a nan.

Daga nan amai da gudawa suka shigo layin. Gida bakwai aka kwanta. Mutum biyu ba su tashi ba: Na'ima, matar wani tela mai suna Aliyu, da Baba Julius, wanda ciwon ya kama ranar Laraba da safe, ya cika ranar Alhamis a asibiti. Ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba magani a rijiyoyi da yawa, suka yi wa mutane bayani, suka tafi. Babu wanda ya ce ga rijiyar da ta jawo. Babu wanda ya tambayi Sanda komai.

Ya je gaisuwa. Mama Elizabet, matar marigayin, ta ce, "Sannu Sanda, na gode. Babanka ya tafi." Aka miƙo masa ruwan leda. Ya riƙe shi har ya fito, bai iya sha ba.

Mako guda bayan an kai gawar ƙauye, ya biyo ta layin da kura. An bar bencin a inda yake. Yana zuwa daidai mangwaron ya ji an ce, "Sanda, biyu." Ba da ƙarfi ba, daidai yadda tsohon yake faɗa. Ya waiwaya, sai wata akuya kwance a inuwa. Tun daga ranar ya sauya hanya, yana zagayawa ta bayan masallaci duk da hawan da ke wurin. Amma muryar ba ta tsaya a layin ba. Yakan ji ta da rana tsaka a bakin burtsatse, cikin hayaniyar mutane. Yakan ji ta idan ya tsuguna zai yi alwala. Ya koma ba ya kai kofi baki sai ya shinshina, har matarsa Kubura ta lura.

"Malam, me ya samu ruwan gidan nan ne kake ta shinshinarsa?"

Ya gaya mata duka. Ta yi ta jujjuya tsintsiyar da ke hannunta.

"Kwanansu ne ya ƙare," in ji ta. "Kuma kai kaɗai ka ɗiba a wurin? Ka rufa mana asiri, kada ka faɗa wa kowa. Idan mutane suka ji, ba kurar kaɗai za su ƙona ba."

Ya yi shiru wata goma sha ɗaya. Ya rame. Idan ya hango Mama Elizabet a bakin titi tana jiran keke, sai ya sunkuya kamar yana gyara taya.

Da bazara ta zagayo, famfo ya sake ɗaukewa. Wata ranar Talata ya bi ta bayan gidan Alhaji Munzali, sai ya ga kura huɗu a jere a bakin rijiyar. Murfin masan yana nan yadda ya bar shi, tsagar ma ta ƙara buɗewa. Ya ajiye kurarsa ya ce musu, "Don Allah ku bar ruwan nan. Ba shi da kyau."

Ɗayansu ya yi dariya. "Ba nan ka ɗiba bara ba? Ko don ka ga mun riga ka?"

Sanda ya bar kurar a wurin, ya nufi ƙarshen layi da ƙafa.

Ya tarar da Mama Elizabet a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta nuna masa kujera, ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa.

"Mama, ruwan da na kawo muku bara, kafin Baba ya kwanta, ba na burtsatse ba ne. Na rijiyar bayan gidan Alhaji Munzali ne. Akwai masai a kusa. Na ji wari tun ranar farko, kuma na ci gaba da kawowa."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta dube shi ba.

"Ni ma na ji warin," in ji ta. "Ranar Litinin kafin ya kwanta. Na ce bari in tafasa, sai na ga gawayi ya kusa ƙarewa, na ce sai gobe. Da hannuna na ɗebo na ba shi ya sha magani." Ta ajiye faifan. "Kofin yana nan a ɗaki. Na kasa amfani da shi, na kasa yar da shi."

Kaji suka zo suna tsattsagar waken da ya zube.

"Ba zan ce maka na yafe ba, Sanda. Ba zan ce ban yafe ba. Ban kai nan ba tukuna, ko a kaina ma. Me ya sa sai yau?"

"Sun koma ɗiba. Kura huɗu na gani yanzu."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito tana ɗaura kallabi. "Tashi mu je wurin mai unguwa."

Aka kira taro ranar Asabar da la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Limami ya zo, fasto ya zo, mata suka tsaya ta gefen katanga. Sanda ya miƙe ya maimaita abin da ya faɗa wa Mama Elizabet. Kafin ya rufe baki wurin ya kaure. Aliyu tela ya ratso mutane ya shaƙe masa wuyan riga, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. Bai zage shi ba, kallonsa kawai yake yi, hawaye na zuba. Alhaji Munzali ya ce shi bai taɓa kiran kowa ya zo ya ɗibi ruwansa ba.

Sai Mama Elizabet ta ɗaga hannu. Saboda shekarunta aka saurara.

"Shekara talatin ina Minna," in ji ta. "Ba na roƙon a yi mana kwalta ko a kawo mana babban asibiti, wannan ya fi ƙarfinmu. Abin da nake so kafin in bi mijina shi ne in zauna a unguwar da idan mutum ya ji wari zai buɗe baki ya faɗa. Mu nawa ne a nan muka wuce ta bayan gidan nan muka toshe hanci? Ni ina ciki. Wannan ya faɗa, a makare, amma ya faɗa. Idan kuka dake shi, na gaba ba zai faɗa ba."

Ba a watse da daɗi ba, amma an yanke magana. Washegari aka rufe bakin rijiyar da kwanon rufi da duwatsu. Alhaji Munzali ya yi ta jan ƙafa mako biyu kafin ya kira magini ya gyara masan. Matan coci da na Islamiyya suka haɗa kansu bibbiyu, suna shiga gida-gida suna nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, suna tambaya ko akwai wanda ya kwanta ba a sani ba. A haka suka gano wata tsohuwa da ta kwana uku da zazzaɓi ita kaɗai a ɗaki. Masu kura suka amince za su riƙa wanke jarkokinsu duk Juma'a da safe da maganin da ake karɓowa a ƙaramin asibitin unguwa. Wasu suna zuwa, wasu ba sa zuwa.

Rabin gidajen da Sanda ke kai wa ruwa suka daina kiransa. Kubura ta yi kwanaki ba ta yi masa magana sai ta dole. Muryar ma ba ta bar shi ba, sai dai ta rage zuwa. Bazarar ta wuce, mutum biyu suka kwanta a can wani layi, duka suka tashi.

Bayan ƙaramar salla aka sa ranar zuba kankare a bakin rijiyar. Sanda yana cikin kwaɓa siminti sai ya ga inuwar mutum a kansa. Aliyu ne, da tsofaffin kaya a jikinsa. Bai yi sallama ba. Ya ɗauki kwanon kwaɓa ya miƙo, Sanda ya cika masa, ya kai ya juye ya dawo. Haka suka yi ta yi har rana ta take, babu wanda ya dubi fuskar wani.

Da aka gama, Aliyu yana goge hannu da takardar buhun siminti ya ce, "Akwai wata irinta a bayan injin niƙa. Ka san ta?"

"Na san ta."

"Ana ɗiba?"

"Ana ɗiba."

Aliyu ya yar da takardar. "To, ranar Asabar. Ka zo da shebur ɗinka."