Sanyin da Ya Ƙi Zuwa

Teodosiya ta taka dankalin da ta shanya a fili da ƙafarta, ta ji ya lotsa kamar dafaffe. A watan Yuni, tsakiyar hunturu a kan waɗannan tsaunuka, ai ƙanƙara ce ke kwana a kansa ya wayi gari kamar dutse, a tattake ruwan ya fita, rana ta busar da shi ya ciyar da gida shekara guda. Shi kuwa irin nasu ɗaci gare shi, in sanyi bai kama shi ba ko alade sai ya kau da kai.

Ƙanenta Anselmo na tsugune a gefe. Makon jiya ya dawo daga bakin teku da mata da 'ya'ya, hannu rabbana.

"Yaya, na gaya miki teku zazzaɓi yake yi bana. Kifi ya gudu. Tsofaffinmu a can sun ce in ruwa ya yi ɗumi, gajimare yakan lulluɓe har nan."

"Kai, rufe min baki! Ina ruwan teku da gonata? Ka zo da bakuna, ka zo da labari."

Da yamma ta yayyafa wa dankalin ruwa, yadda uwarta ke yi don ƙanƙara ta fi kamawa. Wayyo! Gajimare ya kwana a kansu kamar bargo, ya hana ƙanƙara sauka. Ta sake yayyafawa, ya sake kwana. Kafin mako ya ƙare filin ya ɗauki wari, ƙudaje suka sauka. Da hannunta ta ruɓar da abincin gidanta, kuma ta sani.

Sai ga wata yamma sama ta washe, iska ta fara cizon kunne. Teodosiya ta shiga rumbu ta jawo buhunan dankalin iri.

Anselmo ya tare ƙofa. "Haba Yaya! Me za mu shuka?"

"Wanda ya rayu ya kai lokacin shuka ya yi wannan tambayar. Matsa."

Ya matsa. Ta baza su a kan ciyawa.

Da safe ta fita ba takalmi, ta taka. Dutse! Sanyin ya ratsa ta har gwiwa. Yara suka hau tsalle suna ihun murna. Ita kuwa ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta dubi ɗan tsiron da ya daskare a jikinsa ya yi baƙi, ta fashe da kuka.